Wace igiya zan saya wa tamfol ɗin gadon lilo kafin mu tafi Tiga?

Sadiq_Tarauni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kwanan daji. Yayana ya kawo min tsarabar gadon lilo, irin na yadin laima da ake ratayawa tsakanin bishiya biyu, haɗe da tamfol ɗinsa mara nauyi, mita 3 tsawo mita 3 faɗi. To amma babu igiyoyin tamfol ɗin a cikin jakar. Mu huɗu ne muke shirin zuwa wajen dam ɗin Tiga a ƙarshen Yuli, kun ga tsakiyar damina ke nan. Wace igiya zan saya a nan Kano, mita nawa, kuma wane irin ɗauri zan yi da hadari ba zai yi gaba da rumfar ba? Wani abokina ya ce in sayi farakod, igiyar nan ta laimar saukowa daga jirgi, kawai in huta, da ita zan rataye gadon, da ita zan ɗaure tamfol. Haka ne?

DanKurmi77:
Wa alaikumus salam. Ka shigo Kurmi wajen masu igiya, ko ka faɗa Sabon Gari, sai wadda ka zaɓa. Ni dai shuɗiyar nan ta roba nake ba ka shawara. Ga araha, ruwa ba ya cin ta, kuma da ita kowa yake kafa rumfar biki a garin nan.

Maman_Hanif:
Shuɗiya kuma? Malam DanKurmi, kai mai sayarwa ne shi ya sa. Wadda nake shanya da ita a saman bene ba ta zagayo shekara. Rana tana dukanta sai ta koɗe, ka taɓa ta ka ga gari-gari a hannunka, wata rana kawai ka tarar da wankinka a ƙasa. Ga shi ba ta riƙe ƙulli, ka ɗaure da safe, da yamma ya warware.

DanKurmi77:
Hajiya ai shi kwana biyu zai yi, ba shekara ba.

Injiniya_Auwal:
Sadiq, kafin a shiga gardamar launi, ka fara raba aikin gida biyu, domin a nan abokinka ya so ya jefa ka cikin wahala. Igiyar da ke ɗauke da kai daban, igiyar da ke riƙe da tamfol daban. Ba aiki ɗaya suke yi ba.

Farakod ta gaskiya, wadda ake cewa 550, tana tsinkewa ne a nauyin fam 550, wato wajen kilo 250. Mutum zai ce ni kilo 80 ne, ai ta ɗauke ni sau uku. Ba haka lissafin yake ba. Nauyin da igiyar gadon lilo ke ɗauka ya dogara da yadda ka saki gadon. Idan igiyar ta sauko daga bishiya da karkatar digiri 30, kowane ɓangare yana ɗauke da daidai nauyinka, kilo 80 nan, kilo 80 can. Idan ka ja gadon ya miƙe don kana son ya yi kama da katifa, karkatar ta koma digiri 10, kowane ɓangare ya koma wajen kilo 230. A digiri 5 ya haura kilo 450. Sannan duk inda ka ƙulla igiya ƙarfinta ya ragu a wurin, wani ƙullin yana cinye kusan rabi. Ka haɗa da faɗawar da mutum yake yi cikin gado idan ya gaji. Don haka kada ka rataye jikinka da farakod.

A wajen tamfol kuwa ƙarfinta ya isa har ya yi yawa. Matsalarta a nan ita ce nailan ce, kuma an yi ta ne don laimar saukowa daga jirgi, ana so ta riƙa miƙewa. Ka ɗaure ta tamau da magariba, ruwa ya jiƙa ta, tsakar dare rumfar ta sauko maka a fuska. Abin da kake nema shi ne igiyar foliyesta saƙaƙƙiya, kaurin milimita 2 zuwa 3. Ba ta miƙewa sosai, ba ta shan ruwa, kuma ta fi sauran jure ranar Kano.

Sadiq_Tarauni:
Na gode Injiniya. To shi gadon da me zan rataye shi? Igiyar da ta zo da shi gajera ce. Kuma ta yaya zan gane foliyesta a kasuwa? In ka tambaya duk nailan za su ce maka.

Injiniya_Auwal:
Gadon ka nemi bel mai faɗi, aƙalla santimita 2.5. Siririyar igiya tana yanka ɓawon bishiya, kuma ta ƙarƙashin ɓawon nan abincin bishiyar yake bi. Game da ganewa, ka yanki guntuwa ka jefa a kofin ruwa ka danna ta ta jiƙe. Idan ta taso sama, irin shuɗiyar da Hajiya take magana ce, ko wane launi aka yi mata. Nailan da foliyesta duka nutsewa suke yi. Don raba su biyun, ka taka gefe ɗaya na kamar mita 2 ka ja da ƙarfi. Nailan za ka ji tana biyo ka tana komawa, foliyesta kuwa cak take tsayawa.

Oga_Tirela:
Bel ai ba sai ka wahala ba. Ka je Ƙofar Ruwa wajen masu kayan mota ka ce su ba ka bel ɗin kujera na tsohuwar mota guda biyu. An yi shi ne don ya tare mutum a lokacin haɗari, nauyinka ba komai ba ne a wajensa. Ka duba wanda bai tsattsage ba kuma rana ba ta ƙona shi ba. Ka kai wa mai ɗinkin tamfol ya yi maka kunne a kowane baki, ka ce ya maimaita ɗinkin da zare mai kauri.

Maganar ɗaurin igiyar sama kuwa, wadda za ta riƙe tamfol tsakanin bishiya biyu, wannan aikinmu ne. Yadda muke ɗaure tamfol a kan kaya daga Dawanau har Legas, haka za ka yi. Ka ɗaure baki ɗaya a bishiyar farko. A ɗaya ɓangaren, saura kamar kamu biyu ka kai bishiya, sai ka murɗa igiyar ka fitar da ɗan kunne. Ka zagaya bishiyar da wutsiyar igiyar, ka dawo ka zura ta cikin kunnen nan, ka ja ta baya wajen bishiya. Za ka ga da ɗan ƙarfi kaɗan igiyar ta ɗaure har tana ƙara in ka taɓa. Sai ka danne wurin da babban yatsa, ka kulle da rabin ƙulli biyu, na ƙarshen ka yi shi da zarge don da safe fizga ɗaya ya warware.

Abu_Fagge:
Ni abin da ya ɗaure min kai, mutum da gidansa da katifarsa, me zai kai shi rataye kansa a bishiya cikin damina? Ku samari kun ga Turawa a YouTube kun rikice. Ga sauro, ga macizai, ga halin da ƙasa take ciki.

Ummi_Gwale:
Kai Malam Abu, shawarar igiya aka tambaya ba fatawa ba.

Abu_Fagge:
Ai shawarar ce nake ba shi. Igiyar da ta fi kowacce ƙwari ita ce ya kwana a ɗakinsa.

Baba_Sikawut:
Malam Abu bai yi ƙarya ba a gefe ɗaya. Sadiq ɗana, duk inda za ku sauka ku fara zuwa wajen mai unguwa ko dagacin wurin ku gaisa, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku. Ku kwana kusa da mutane, kada ku nausa can cikin daji ta ɓangaren Falgore. Haka muke yi tun muna kai yara zango, kuma mutanen ƙauye su ne za su nuna muku inda ruwa yake kwanciya da inda shanu ke bi.

Yanzu ga igiya. Ta sama, wadda za ta tashi daga bishiya zuwa bishiya, ka yanki mita 10. Za ka ce ta yi yawa tunda bishiyoyin da kake so tazararsu mita 4 zuwa 5 ce, amma kututturen mangwaro ɗaya zai iya cinye maka mita 2 wajen zagayawa, kuma ba kullum ake samun bishiya a inda ake so ba. Ta gefe kuma guda shida, kowacce mita 2 da rabi: huɗu na kusurwa, biyu na tsakiya idan tamfol ɗin yana da wurin ɗauri a nan. Ka ƙara mita 5 ka ajiye a jaka. Mita 30 ke nan. Duk inda ka yanka ka ƙona bakin da ashana ka murza, in ba haka ba ta tarwatse.

Yadda tamfol zai kama igiyar sama, akwai ƙullin da wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Prusik, ya fito da shi a 1931, kuma sunansa ake kiran ƙullin da shi. Ka yanki siririyar igiya kamar santimita 40, ka haɗa bakinta biyu ta zama zobe. Ka ɗora zoben a kan igiyar sama, ka naɗa shi sau uku, kowane zagaye kana zura shi ta cikin kansa, ka gyara naɗin ya kwanta a jere kada ya hau juna. Idan aka ja kunnen da ya rage sai ya cije, idan ka kama naɗin da yatsu sai ya zame duk inda kake so. Ka yi guda biyu, ɗaya a kowane bakin tamfol. Ka zura kunnen ta cikin madaurin tamfol ɗin, ka sa ɗan guntun icce ya tokare. Amfaninsa, bayan ka gama ɗaure igiya, za ka iya jan rumfar gaba ko baya har ta rufe gadon daidai, ba sai ka kwance komai ba. Sharaɗi ɗaya: igiyar zoben ta fi ta sama siranta, ko aƙalla kada ta fi ta kauri. Idan yana zamewa ka ƙara naɗi na huɗu.

Oga_Tirela:
Baba wannan ƙullin ban san shi ba, amma zan gwada a gareji gobe.

Sadiq_Tarauni:
Allah ya ƙara girma Baba. Tamfol ɗin a kan igiyar zan shimfiɗa shi, ko a ƙarƙashinta zan rataye shi?

Oga_Tirela:
A kai mana. Igiya ta zama ƙashin bayansa. In ka rataye shi a ƙasa, duk nauyin yana kan madauri biyu ne kawai, iska ɗaya za ta yage su.

Baba_Sikawut:
A kan tamfol mai nauyi irin naku na mota, haka ne. Amma nasa siriri ne, igiya tana goga shi duk dare a layin ɗinkin tsakiya, nan ne kuma yake fara yoyo. Sannan ruwan da ya sauko daga jikin bishiya yana bin igiya, idan igiyar tana ciki sai ya rako ta har saman kansa ya ɗiga. Ni a ƙarƙashi nake ratayawa.

Injiniya_Auwal:
Kowannenku yana da hujja. Ranar da iska ta yi tsanani, igiya a ciki tana taimaka wa yadin, kuma kana samun wurin rataye fitila da gidan sauro. Maganin ruwan da Baba ya faɗa kuwa sauƙi gare shi: ka ɗaura ɗan zare ko igiyar takalmi a jikin igiyar, daidai bakin rumfa, ka bar wutsiyarsa tana reto. Ruwa yana isowa nan sai ya bi zaren ya sauka ƙasa. Wannan dole ne ma ka yi shi a jikin bel ɗin gadon, ɓangare biyu, a wurin da tamfol ya riga ya rufe, ko da wace hanya ka bi. Yawancin masu cewa tamfol ɗinsu yana yoyo, ta bel ruwan ya shigo musu.

Jauro_Rano:
Ina ta karanta ku ina dariya. Milimita kaza, foliyesta kaza. Mu da muka tashi a ruga, igiyar rama muke tufkawa da hannunmu, da ita ake ɗaure bijimin da ya fi ku nauyi ku huɗun. Ga ta kaba, ga ta ɓawon kuka. Ƙullinta ba ya zamewa, ba ta yanka hannu, in ta tsufa ka yar ta zama ƙasa. Wannan ta robar da kuke yarwa a daji, shanunmu ne suke haɗiye ta tare da leda su kumbura.

Maman_Hanif:
Wallahi Jauro ya faɗi gaskiya kan ledar nan. Ku kwaso guntayenku ku dawo da su gida.

Injiniya_Auwal:
Jauro, ba wanda ya raina rama. Wajen riƙe ƙulli ma babu ta biyunta. Amma ka lura da halinta a ruwa: tana sha, ta kumbura, ta tsuke. Ita nailan saki take yi, ita kuwa rama ja take yi. Idan ka ɗaure ta tamau a bushe, ruwa ya sauka, za ta iya tumɓuke turke ko ta yage kusurwar tamfol, kuma da safe ƙullin ba zai kwantu ba sai da wuƙa. In ka naɗe ta da danshi ka jefa a jaka kuma ta yi fumfuna ta ruɓe. Sannan kafin ka sami ƙarfin da siririyar foliyesta ke da shi, sai ka ɗauki rama mai kaurin yatsa, mita 30 ɗinta kaya ne guda.

Jauro_Rano:
To ai shi ya sa ake sassauta ta in an ga hadari. Igiya ba ta aiki ita kaɗai, sai da mai ita.

Baba_Sikawut:
Haka muke yi da tantunan zamaninmu na zane mai kauri. In hadari ya haɗo sai a bi igiyoyi ana sassautawa. Yaran yanzu ba su san wannan ba.

Khalifa_BUK:
Ni na yi odar wata igiya da ake kira Dyneema ta intanet, mai kaurin milimita 1.75. In ka gan ta za ka ce zaren buhu ce, amma tana ɗaukar sama da kilo 200, ba ta miƙewa, ba ta shan ruwa, dukkan igiyoyin rumfata suna shiga aljihun riga. Akwai mai kauri da ake kira Amsteel, kusan milimita 3, ita tana kai kilo 700, da ita masu gadon lilo a Amurka suke rataye gadon kansa. Sadiq in kana da hali ka yi oda kawai, ka daina yawon kasuwa.

DanKurmi77:
Da kuɗin dala? Kuɗin aikowa kaɗai ya sayi igiyar da za ta zagaye Dala.

Injiniya_Auwal:
Khalifa, faɗa masa sauran mana. Santsi gare ta, ƙullin da Baba ya koyar sai an ƙara masa naɗi kafin ya cije, wasu ƙullin ma ba sa zama sam, shi ya sa masu ita suke saƙa bakin cikin kansa maimakon ƙullawa. Tana yanka yatsa in ka ja da hannu tsirara. Zafi kaɗan take narkewa, wajen digiri 145, gogayya mai ƙarfi ma tana iya lalata ta. Babban abin kuma, tunda ba ta miƙewa ko kaɗan, duk bugun da iska ta yi kai tsaye yake tafiya kan ɗinkin tamfol. Igiyar ba za ta tsinke ba, tamfol ɗin ne zai yage.

Khalifa_BUK:
Gaskiya tana da santsi. Amma ni har yanzu nawa bai yage ba.

Oga_Tirela:
Maganin wannan ai yana wajen mai faci. Ka karɓi tsohon tuf na babur, ka yanka shi zobe-zobe, ka sa zobe ɗaya tsakanin kusurwar tamfol da igiya. Iska ta buga, roba ta miƙe ta dawo. In yadin ya saki da ruwa, roba ta janye shi, ba sai ka fito cikin dare ba.

Baba_Sikawut:
Dabara ce mai kyau, amma a yi hattara. Kada robar ta zama ita kaɗai ce mahaɗi. Ka ɗaure igiyar kai tsaye a tamfol, sannan ka ɗaura robar a jikin igiyar a wuri biyu, ka bar igiyar da ke tsakaninsu da ɗan saki. In roba ta tsinke igiya tana nan. Kuma roba a miƙe idan turke ya tumɓuke, harbo shi take yi, kuma wajen da kake kwance yake nufa. Kada ka sunkuya da fuskarka a kan layin igiya lokacin da kake ja.

Ummi_Gwale:
Ni ba kwanan daji nake ba, a tsakar gida muke kafa namu lokacin bazara in an ɗauke wuta, tsakanin darbejiya da ƙarfen tankin ruwa. Abin da ya dame ni shi ne zobban ƙarfen nan na bakin tamfol ɗin kasuwa, duk sun fita ɗaya bayan ɗaya. Wani mai shago ya rantse min irin mai ƙwari ne, ko wata bai yi ba. Akwai gyara ko sai sabo?

Oga_Tirela:
Hajiya kada ki sayi sabo. Ki sami ɗan dutse mai sulɓi kamar girman goro, ki sa shi ta cikin tamfol kusa da inda zoben ya fita, ki tattaro yadin ya rufe shi, ki ɗaure wuyan da zarge ta waje. Ya fi zoben ƙwari, don jan yana rarrabuwa a yadi mai yawa. Ƙwallon goruba ma yana yi in tamfol ɗin babba ne.

Ummi_Gwale:
Allah ya saka da alheri Oga.

Malam_Nazifi:
Ku koma kan hadarin da yaron ya tambaya, don shi ne abin tsoro. A Kano hadari daga gabas yake tasowa, kuma iska da ƙura ne suke riga ruwa isowa. Waɗannan mintocin na farko su ne masu kwashe rumfa. Don haka ka nemi bishiyoyi biyu da suke kudu da arewa, yadda faffaɗan gefen tamfol zai kalli gabas, ka saukar da wannan gefen kusa da ƙasa sosai. In ka kafa gabas da yamma, buɗaɗɗen bakin ne zai kalli hadari, iska ta shiga ta ɗaga rumfar, ruwa ya same ka a kwance. Gefen yamma za ka iya ɗaga shi da sanda don shan iska kafin hadari ya haɗo.

Injiniya_Auwal:
Ƙarin bayani kan maganar Malam Nazifi. Ƙarfin bugun iska yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Iska mai gudun kilomita 60 a awa tana danna wajen kilo 17 a kan kowace murabba'in mita idan ta bugi abu gaba da gaba. Tamfol ɗin Sadiq murabba'in mita 9 ne, rabinsa ne zai fuskanci iskar, kuma a karkace, amma duk da haka nauyi ne na gaske a kan turaku biyu ko uku. Ruwa ma haka: milimita 10 kacal a kan murabba'in mita 9 lita 90 ne, wato kilo 90. In ka bar rumfar a kwance ta yi ciki, nan zai taru. Ka ba ta gangara sosai.

Abin da nake so a gane shi ne, da wuya ka ga igiyar tamfol ta tsinke. Turke ne yake fita, ko madauri ya yage, ko ƙulli ya zame.

Baba_Sikawut:
To ga maganar turke. 'Yan siraran da ke zuwa da irin wannan kaya ba sa riƙe ƙasar bakin ruwa idan ta jiƙe. Ka je wajen mai walda ya yanka maka rodi mai milimita 8, tsawon santimita 30, ya lanƙwasa kan. Ka kafa shi a karkace, kansa yana kallon nesa da rumfa, ka buga har ya kusa nutsewa, igiya ta kama shi daf da ƙasa. In yashi ne, ka manta da turke: ka ɗaura igiya a tsakiyar guntun icce, ka haƙa rami kamu ɗaya, ka kwantar da iccen a gicciye ka binne ka taka. In akwai saiwa ko ƙaramar bishiya a kusa, ta fi duka.

A wajen turken ka yi ƙulli mai zamewa, don ka riƙa ƙara ja ba tare da kwancewa ba. Ka zagaya turke ka dawo, ka naɗa wutsiyar sau biyu a jikin igiyar ta ɓangaren turke, sannan sau ɗaya ta ɓangaren tamfol, ka zura ka tsuke. In ka tura ƙullin sama igiya ta ɗaure. A kan shuɗiyar DanKurmi dai ba ya zama, na gaya maka tun yanzu.

DanKurmi77:
Baba har da kai? To akwai farar saƙaƙƙiya irin ta jan janareta, ita ma muna da ita, kauri iri-iri.

Jauro_Rano:
Tunda ana maganar bishiya, kada ka ɗaura a gawo da damina kana zaton inuwa, lokacin ba shi da ganye, ga ƙaya a ƙasa. Bishiyar turare kuma tana yar da reshe ba sallama. Ka ɗaga kai ka duba busasshen reshe kafin ka ɗaura komai. Kuma kada ku zaɓi doguwar bishiyar da take ita kaɗai a fili ko a kan tudu, saboda tsawa. Mun sha rasa dabbobi a gindin irinta.

Abu_Fagge:
Kuma kada ya ɗaura a tsamiya, masu wurin ba sa son baƙi.

Maman_Hanif:
Kai Malam Abu! A'uzu billahi. Ka bar yaro ya yi addu'arsa ya kwanta.

Sadiq_Tarauni:
Na dawo daga kasuwa. Na samo bel biyu a Ƙofar Ruwa, suna wajen mai ɗinki. Igiya kuma na sami wata fara saƙaƙƙiya mai kamar milimita 3, na jefa a ruwa ta nutse, na ja ba ta biyo ni sosai ba, na sayi mita 30. Na kuma ga wadda suke kira farakod, mai launin kayan sojoji, na sayi kaɗan don zobban da Baba ya ce. Sai dai da na yanka, cikinta ba zare bakwai ba ne kamar yadda na gani a bidiyo, wani abu ne kamar auduga a dunƙule. Kuma ta fi farar kauri. Za ta yi?

Khalifa_BUK:
Jabu ce. Ta gaskiya zare 7 ne zuwa 9 a ciki, kowanne a murɗe. Wannan ko jaka kada ka rataya da ita.

Baba_Sikawut:
Ko ta gaskiya ce ba za ta yi zobe a kan igiyar milimita 3 ba, ta yi kauri, ba za ta cije ba. Ka zare cikin ka yar, ka yi amfani da rigar kaɗai, tana kwanciya ta kama sosai. Ko ka nemi igiyar magina, wadda suke ja wajen jera bulo, ka ninka ta. Ka gwada a gida tsakanin ginshiƙi biyu, ka watsa wa igiyar ruwa ka ja da ƙarfi ka ga ko zai zame. Ka yi ta ƙullawa kana kwancewa har hannunka ya iya ba tare da ka kalla ba, don ranar da za ka buƙace shi a duhu ne, iska tana kaɗa ka.

Maman_Hanif:
Farar ma ta fi, aƙalla za a gan ta da dare. Mita 2 da rabi guda shida a kewaye da mutum, wani zai fito fitsari ya harɗe. Ka ɗaura 'yan tsummoki masu haske a jikinsu.

Oga_Tirela:
Sadiq in ka karɓo bel ɗin kada ka yarda da ɗinkin sai ka gwada. Ka rataye gadon ƙasa-ƙasa, kamar tsayin gwiwa, ku zauna ku biyu a hankali. Kuma har yanzu ina kan bakana, ka shimfiɗa tamfol a kan igiya. Iskar bakin dam ba ta wasa ba ce.

Baba_Sikawut:
A ƙarƙashi dai, Oga. Yadin nan bai kai kaurin ledar burodi biyu ba.

Sadiq_Tarauni:
Zan kafa shi ta hanya biyun a tsakar gida ranar Asabar, in ruwa ya sauka in ga wacce ta fi. Injiniya, saura abu ɗaya: igiyar sama a saman bel ɗin gado zan ɗaura ta a jikin bishiya, ko a ƙasansa?

Injiniya_Auwal:
Bel ɗin gado yana zama kamar tsayin kanka ko sama kaɗan, idan tazarar bishiyoyin ta kai mita 4 zuwa 5. Da damina ka ɗaura igiyar tamfol a ƙasan bel, yadda rumfar za ta sauko kusa da gadon ta rufe shi ta gefe. Bel ɗin zai ratsa ta gefen igiyar ya shiga ƙarƙashin rumfa, ka duba kada su riƙa gogar juna ko bakin tamfol, kuma ka yi wannan dubawar ne bayan wani ya kwanta a ciki, domin gadon yana sauka idan ya ɗauki nauyi. In babu alamar hadari kuma zafi ya dame ka, sai ka mayar da ita sama.

Jauro_Rano:
In kun iso ta wajenmu ku nemi fura. Zan zo da igiyar rama guda ɗaya, mu ɗaura ta a kusurwar gabas, taku ta roba a ɗaya kusurwar.